Bas Mai Jikin Katako a Maamobi

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da kawuna. Ni da 'yar jakata a baya, shi da akwatin kayan aikinsa na ƙarfe, wanda in aka ɗora wa jaki sai jakin ya kai ƙara wurin sarkin Zongo. Daga Kumasi za mu Ankara. Ankara tamu ta Gana nake nufi, wadda ake rubutawa Accra, kada wani ya zo yana tambayata tsarabar Turkiyya.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, ni ne mai kaɗa bes a ƙungiyar kiɗan unguwarmu. Bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ciki ke riga kunne jin ta. Matsalar ita ce ba ni da tawa. Ta cocin su wani abokina nake ara, in ɗauko farkon mako, in mayar kafin Lahadi tana ƙanshin turarena. To, cocin suka yi sabon shugaban mawaƙa, mutum mai rataye makulli a wuya, aro ya ƙare. Ga bikin yayar mai gangarmu ya matso, karo na farko da za a kafa mana rumfa a titi a kira mu makaɗa da baki cike. Mai kibod ɗinmu ya ce kada kowa ya damu, in ban samo bes ba hannunsa na hagu zai yi aikina. Jama'a, ku dubi wannan cin mutunci. Mutum guda, da kansa da ƙafafunsa, a maye gurbinsa da hannun hagu.

Ana cikin haka na ci karo da talla a waya: tsohuwar bes mai lantarki, ta zamanin da kakanninmu ke rawar hailaif da wando mai faɗin ƙafa, tana Maamobi, wata unguwa a Ankara, kuma abin da na tara a zaman shagon Mma, mahaifiyata, zai iya ɗaukarta. Sai dai a wani shago a Adum, nan cikin Kumasi, akwai sabuwa, ja, mai ƙyalli, kusan kuɗinsu ɗaya. Duk wanda na tambaya sai ya ƙara rikita ni. Wani ya ce tsohuwar jita zinariya ce, wani ya ce itacen girki ce mai tsada. Mma ta yanke hukunci: ba zan je Ankara ni kaɗai ba, ƙanenta zai raka ni, kuma abin da ya faɗa shi ne ƙarshe.

Sai dai bakin Mma bai taɓa yarda da kalmar bes ba. Ina tsaye ta buga masa waya ta ce, "Ka raka ɗanka Ankara ku duba wata tsohuwar bas. In ka ce a saya, a saya. In ka ce a'a, magana ta ƙare." Kawu kuwa mai gyaran wayarin mota ne a Magazin, unguwar makanikai, mutumin da ko wayar yaronsa ce ta yi ƙara da waƙa sai ya tambayi ko gareji ya koma gidan rawa. Daga yadda muryarsa ta fito da fara'a na gane inda tunaninsa ya nufa. Na buɗe baki zan gyara, sai na tuna in ya ji kalmar jita ko bakin ƙofa ba zai raka ni ba. Ƙosai na hannuna, na cika bakin da shi.

Babbar mota muka shiga, mai na'urar sanyi irin wadda ake ajiye kifi. Kafin mu wuce Ejisu yatsun ƙafata sun daina amsa sallama. Wani mai maganin gargajiya ya miƙe a tsakiya da kwalba ɗaya da ke warkar da basir, ciwon baya, mantuwa da rashin sa'a a jarrabawa. Na so in saya wa ajinmu duka. Kawu ko kallonsa bai yi ba, hankalinsa na kan bas.

"Shekarunta nawa?" ya tambaye ni.

"Ta girmi Mma."

"Madalla, na da sun fi ƙarko. Bodin fa?"

"Katako ne."

Ya juyo gaba ɗaya. "Katako! Irin waɗanda muka hau muna yara? Ashe akwai sauran su. Tana da ƙara?"

"In ta tashi har kwanon rufi rawa yake."

"Salansa ce, abu mai sauƙi. Ta yi doguwar tafiya?"

"Sun ce ta je Lome, ta je Legas, ta je Abijan."

"Fetur ko dizal?"

"Lantarki."

Muka wuce Konongo, muka hango duwatsun Nkawkaw da gajimare zaune a kansu kamar rawani. Can Kawu ya nisa ya ce, "Tsohuwa, ta katako, mai lantarki. Yaro, ko dai 'yan damfara ne?" Na ce ai shi ya sa Mma ta zaɓe shi. Ya gyara hula, abin ya yi masa daɗi. Ku shaida, ban yi ƙarya ko ɗaya ba.

Hanyar Ankara kuwa halinta halin malamin lissafinmu: nan ta yi maka murmushi, nan ta kwaɗe ka. Wani wuri kwalta sumul har ka fara gyangyaɗi, wani wuri ramin da in mota ta faɗa sai an yi mata addu'a ta fito. A Nsawam mata suka yi wa tagogi ca da burodi, kowane ɗaya ya kai matashin kai. Kawu ya sayi biyu da soyayyar doya, muna ci yana lissafa mini abin da zai fara dubawa: batir, fitilu, ƙarƙashin bodi ko gara ta shiga. Wannan na ƙarshen na riƙe shi a raina, don ya shafi tawa ma. Da muka hau gadar Pokuase mai hawa kan hawa sai na ga duk Ankara a shimfiɗe, rufin kwano har inda ido ya gaji.

A Circle muka sauka. Wanda bai taɓa zuwa Circle ba, ya ɗauki kasuwar Kejetia ya zuba mata barkono. Wani ya nemi ya sayar mini da waya, na duba da kyau don in tabbatar ba tawa ba ce. Yaran mota na rataye a ƙofofi suna ihun "Nima, Maamobi, Nima!" kamar ana rabon gado. Trotron da muka samu, wato ƙaramar motar haya, igiya ce ke riƙe da ƙofarta, kuma direba sai ya haɗa wayoyi biyu tsirara kafin ham ya yi kuka. Kawu ya rufe ido ya ce innalillahi. Duk sauran hanyar wayoyin yake harara, kamar ya ga ana dukan maraya.

Nima ta tare mu da ƙanshi tun kafin mu sauka: citta, kanumfari, daddawa, albasar Nijar buhu kan buhu, hayaƙin tsire, da wani abu daga kwata wanda ba zan ba shi suna ba. Babban titin ba a tafiya a kansa, ana dai lallaɓawa ne tsakanin tasi, babur, amalanke da akuyar da ta fi kowa sanin hanya. Muka tsaya cin waakye, shinkafa da wakenmu na Gana, da taliya da gari da shito, soyayyen yajinmu. Kuɗin da za ka ci ka kwanta a Kumasi, a nan sai dai ku gaisa da abincin. Amma daɗi kam, sai da na lashe ganyen. Na nemi ganda, mai abincin ta nuna wata mata da cokali ta ce, "Cale, wannan mace ya ci na ƙarshe." Mu ma a Kumasi muna yi wa Hausa rauni, amma a Nima asibiti ake kai ta. Jimla ɗaya za ta fara da Hausa, ta ratsa Twi, ta sha ruwa a Ga, ta sauka da Turanci, kuma kowa ya gane.

Jikar mai jitar ce ta sa tallar, ita ke yi mini kwatance a waya. Ta ce gidan na bayan masallaci. A Nima da Maamobi kowane gida bayan wani masallaci yake. Muka kutsa lunguna masu ƙunci har sai da Kawu ya riƙa karkata akwatinsa. Lungu ɗaya ya kai mu tsakiyar girkin wata baiwar Allah, muka yi sallama, ta amsa ba ta ko ɗago ba, ta ɗage ƙafa muka wuce. Muka ratsa gaban wata makarantar Islamiyya inda yara ke rera karatu da ƙarfin da zai tada batir, muka haye gadar babbar kwata, sai ga mu a Maamobi. Na tambayi wani tela gidan tsohon da ke sayar da bes. Kafin ya amsa Kawu ya gyara mini: "Bas." Tela ya ɗan yi tunani ya nuna kwana.

Jama'a, a ƙofar gidan akwai bas.

Gawar wata trotro ce, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta kan duwatsu, an toshe tagoginta da katako. Kawu ya tsaya ya dube ta, ya ce a hankali, "Ga katakon kuwa." Kafin in haɗa kalma biyu ya ajiye akwati, ya naɗe hannun riga, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashinta. Abin da bai sani ba, masu haya na ciki. Kaji suka fashe ta kowace kafa, zakara ya bi ta kan cikinsa, wata kaza ta fito tana zagin danginmu kaf.

Hayaniyar ce ta fito da mai gidan, wani dogon tsoho siriri mai farin gemu. Ya leƙa ya ce, "Salamu alaikum, bawan Allah na ƙarƙashin mota. Kaza kake nema ko ƙwai?"

"Alhaji, wannan ko inji ba ta da shi!" in ji Kawu daga ƙasa.

"Inji? Tun jikata na goye maƙwabcina ya sayar da shi." Sai tsohon ya juyo gare ni. "Kai ne yaron Kumasi mai son jita?"

Kawu ya fito a hankali, gashin kaza a hularsa. "Jita," ya ce. Ba tambaya ba ce. Ya cire gashin ya tsaya yana kallonsa. "Na rufe gareji ranar aiki. Na ɗauka uwarka ta samo maka hanyar cin abinci, har na fara tunanin wanda zai koya maka tuƙi."

"Kawu, ai Mma ce ta ce bas."

"Kai kuma a lokacin kurma ne."

Da ihu ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna kan benci a tsakar gida, ya ba ƙofar ɗakin baya, ya ce in shiga in gani tun da mun zo, amma amsarsa na riga na san ta. Dariyar da nake ta ɓoyewa tun Ejisu na neme ta na rasa.

A ɗaki muka tarar da matar tsohon, wanda kowa ke kira Baba, wata Hajiya gajera mai faɗi, mai sana'ar burkina, wato fura da nono mai sanyi ta 'yan Ankara. Ita ce ainihin mai son a yi cinikin. Ta nuna wani dogon baƙin akwati a kusurwa ta ce, "Wannan kaya shi ya cinye wurin firiza na. Yaro, in ba ka saya ba, wallahi ni hura wuta da shi in tuƙa tuwon zafi."

"Hajiya," in ji Baba, "a wurin rawar da nake kaɗa jitar nan kika fara ganina."

"Mai busa ƙaho na zo kallo, kai ka tare mini hanya."

Baba ya buɗe akwatin, ƙanshin kafur ya cika ɗakin. Gaskiya, a hoto ta fi kyau, kamar yawancinmu. Launinta irin na burodin da ya ɗan ƙone a gefe, tsakiya rawaya, baki-baki baƙi. Inda hannu ke kwanciya fentin ya cinye har katako ya fito fili. Bayanta duk ƙarzunan kan bel. Kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su, ɗaya ba ɗan gidan ba ne, daga wata jitar aka aro shi. Na duba ko gara ta shiga, ba ta shiga ba. Da na rataya ta sai na ji kamar an ɗora mini buhun doya an ce in yi murmushi. Baba ya ce haka katakon kirki yake. Kafaɗata ta ce ba ta yarda ba.

Aka jona ta da wata tsohuwar sifika. Maimakon kiɗa sai ƙugi, zuuuu, kamar an tara ƙudan zuman Arewa duka a tukunya ɗaya. Na murɗa maɓallin ƙara, ta yi ƙarar suyar kifi. Baba ya ce in ɗan mare ta a gefe. Na mara, ta yi shiru, na ɗaga yatsa zan kaɗa, ƙudan zuma suka dawo da 'yan uwansu. Zuciyata ta tashi daga Maamobi ta tafi Adum wurin ja mai ƙyalli. Na ce a raina, ga kawu na ɓata wa rai, ga doguwar hanya, duk a kan tukunyar zuma.

Daga tsakar gida muka ji, "Ku kashe abin nan!" Ba mu kashe ba, don Baba na neman inda zai sake mari. Can kuma, "Wayar at, ta ƙasa, ita ce ta tsinke, ko kurma ya ji!" Jim kaɗan sai ga inuwa a bakin ƙofa, da akwatin ƙarfe a hannu.

"Ba don kai ba," ya ce mini. "Kunnena ne ba ya jure waya tana kuka."

Ya kwantar da ita kan tabarma kamar mara lafiya, ya kwance murfin da sukudireba. A ciki akwai ƙura, da gawar kyankyaso wanda da alama ya mutu yana jin daɗin kiɗa, da wata waya da aka manne da cingam. Baba ya ce a Lome ya manne ta, ana tsakiyar wasa. Kawu ya dube shi irin kallon da ya yi wa direban trotro, amma da yake babba ne sai ya haɗiye. Ya roƙi Hajiya garwashin kurfotinta, ya ɗora ƙarfensa ya yi zafi, ya narka dalma ya ɗinke wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Yana yi yana magana shi kaɗai: "Dubi tagulla. Dubi naɗi. Yanzu wa zai ba ka irin wannan?" Kayan aikin da aka ɗauko don bas, ga su sun samu aiki.

Aka sake jonawa. Shiru, tsit, har na ɗauka ya kashe ta gaba ɗaya. Na taɓa tsirkiya mafi kauri.

Ban san yadda zan rubuta muku sautin ba. Gilasan taga suka amsa, kwanonin Hajiya da ke jere a kabad suka amsa, waakyen da ke cikina ya gyara zama. Ba ƙara ba ce, wani abu ne mai taushi da nauyi, kamar babban mutum ya yi gyaran murya a taro. Kawu ya ɗora tafin hannunsa a jikin katakon yadda yake ɗorawa a kan bonet, ya ce in sake. Na sake.

"Kawu, a saya?"

"Wa ya taɓa sayen mota don ta tashi a gareji? Yaya ta ce in duba, kuma dubawa zan yi. A ɗora mata lodi, a hau tudu."

Baba ya gane kafin ni. A lungu na gaba ana suna, tun shigowarmu muke jin kalangu. Ya sa hula ya wuce gaba, ni a baya da buhun doyata, Kawu da sifika a ka, Hajiya na bin mu tana sanar da unguwa cewa firiza na hanya. An kafa rumfa, mata sun sha leshi da ɗauri kamar za su tashi sama. Wani mai aski ya ba mu wuta da doguwar waya. Shugaban makaɗan ya gaida Baba da rusunawa, sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan ɗan tsakon ne zai ɗauki kayanka, Baba?"

Suka fara a hankali, masu kalangu da mai babbar ganga, na bi su lafiya lau har na fara ɗaga haɓa. Ashe gwaji ne. Suka haɗa ido suka taka wuta. Tsirkiyoyin nan masu tauri ne, sun yi nesa da wuya, kowace sai ka danne ta kamar kana bin ta bashin gaisuwa. Na gangara can ƙasan wuyan don in burge, sai ta yi zizar banza. Na ɓace. Wata mata ta yi shewa ta ce, "Kumasi ya faɗi!" Rumfa duka ta ɗauka. Da ƙasa ta tsage da na shige har da sifikar.

Baba ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Kar ka bi kalangu, surutu gare shi. Bi babbar ganga. Inda ta taka, taka."

Na rufe ido na nemi gangar. Ta taka, na taka. Ta taka, na taka. Sai na ji abin ya kama, kamar ƙofa ta faɗa cikin mazauninta. Masu kalangu suka yi ta zagaye-zagayensu a sama, mu muna ƙasa muna riƙe da gidan. Da na buɗe ido, matar da ta ce na faɗi ita ce a tsakiyar fili. Wata kaka ta miƙa wa jikarta sanda ta shigo da kafaɗa. Aka manna mini kuɗi a goshi, gumi ya hana su zama. Na nemi Kawu. Yana tsaye jikin bango, hannu a harɗe, fuska kamar ɗan sandan da aka hana cin hanci. Amma silifas ɗinsa na dama ya ci amanarsa, yana ta ɗagawa yana sauka tare da ganga.

Da muka koma tsakar gidan Baba, kafaɗata ɗaya ta fi ɗaya tsawo, yatsuna biyu sun yi ƙurji. Kawu ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya ba ado. Ta yi mini nauyi. Wuyanta ya ɗan karkace can ƙasa, shi ya sa take ziza, kuma wannan ba aikin mai wayarin ba ne. Wayoyin da ya ɗinke yau, gobe wata za ta saki, don tsohon abu ba ya gama ciwo. Baba ya ƙara da nasa, ya ce in hoto nake so in sayi sabuwa, ba wanda zai ga laifina.

"Alhaji, rufe baki!" in ji Hajiya.

"Kar ka dubi fuskata," Kawu ya ce, "kar ka dubi ta Hajiya. Kana so?"

Na auna su biyun a raina. Ja ta Adum na taɓa riƙe ta, ba nauyi, kamar faranti, kuma in na tsaya da ita a rumfa duk 'yan matan layinmu sai sun san sunana. Amma in ka kaɗa ta, kamar izini take nema kafin ta yi magana. Wannan kuwa ta kunyata ni gaban matan Maamobi, ta cinye mini yatsu, sannan ta tada kaka daga kujera. Na ce ina so.

"Ko da za ta mutu maka ranar bikin, gaban jama'a?"

"Sai in gyara."

"Ka iya?"

"Za ka koya mini."

Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin ko akwai sauran shito a haƙorina. Sannan ya zaro waya ya kira Mma.

"Yaya, na duba bas ɗin taki." Ya ɗan saurara yana hararata. "Bodi ya ji jiki. Wayarin na gyara. Inji kuwa yanzu ba a yin irinsa. Direban ne da saura. A saya. Amma duk Asabar da safe ina son ganinsa a gareji."

Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta cika mana kofuna da burkina, kafin mu shanye har ta fara auna kusurwar da ɗankwalinta. Baba ya ce in ba shi jitar. Ya ɗora ta a cinya, ya kai yatsun hagunsa wuyanta, amma sun ƙage, ba sa iya dannawa. Sai ya kaɗa tsirkiya ɗaya haka nan a sake, ya saurare ta har ta mutu don kanta. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya kwantar, ya rufe akwatin da hannunsa.

A gidan wata gwaggonmu a Nima muka kwana, da safe muka sha koko da ƙosai muka nufi tasha. Yaron mota ya ce akwatin a but ɗin mota zai shiga, tare da buhunan garin rogo. Kawu ya ce sai dai shi a sa shi a but ɗin. Haka ya riƙe ta tsakanin gwiwoyinsa tun daga Ankara, duk ramin da muka faɗa sai ya rungume ta ya ce wa direba ya ji tsoron Allah. Ni ko taɓawa bai bar ni na yi ba.

Muna shan kwanar layinmu da la'asar muka ga taro a ƙofar gida. Ashe kafin mu tafi Kawu ya faɗa wa yaransa na gareji, su kuma sun faɗa wa duniya. Yara na leƙen bayanmu suna tambaya ina bas. Wani saurayi ya zo neman aikin yaron mota, da wankansa da komai. Wata mai fataucin doya ta zo kama kujerar gaba zuwa Techiman. Kawu ya ajiye akwatin a tsakiya ya ce, "Ga ta nan. Ku tambayi direba." Ya shige gida ya bar ni da su. 'Yan ƙungiyarmu na cikin taron, sun zo dariya ne, amma da sifikarsu. Aka jona, na taka musu abin da na koyo a Maamobi. Mai fataucin doya ta ce ita dai an cuce ta, tana faɗa tana kaɗa kai. Da na gama, mai gangarmu ya ce ranar bikin kusa da shi zan tsaya.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, don kaina ƙarami ne. In za ka sayi tsohon abu, tare da ciwonsa za ka saya, sai ka tambayi kanka ko kana son sa har ka yi jinyarsa. Kar ka yanke hukunci a ɗaki, fitar da shi inda za a iya yi maka dariya. In ka je Nima ka ci waakye kafin ganda ta ƙare. Kuma mutumin da kake ɓoye wa abu don kana ganin ba zai gane ba, wataƙila shi ne zai fi kowa leƙa cikinsa.

Asabar ɗin nan na fara zuwa gareji. Na ƙona yatsa da dalma tun kafin in haɗa waya ɗaya, yaran Kawu suka yi dariya har ɗaya ya faɗa cikin taya. Da zan tafi ya biyo ni bakin titi yana goge hannu da tsumma, ya duba hagu da dama ko yaransa na ji, ya ce, "Bikin nan naku, da wane lokaci za ku fara?"

Na ce, "Kawu, kallo za ka zo?"

"Kallon me? Ɗinkina zan zo in ga ko ya riƙe."